Tsuntsaye Masu Cin Kifi a Madatsar Tiga: Amsa Ga Mai Kamun Kifi da Ƙugiya

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shi ma'aikaci ne, ba masunci ba, amma yakan je madatsar ruwa ta Tiga ranar Asabar da sandarsa da ƙugiyarsa don ya huta da hayaniyar gari. Wata rana yana janyo karfasa, ta kusa isowa gaɓa, sai wani babban tsuntsu mai farin kai da farin ƙirji ya sauko ya fauce ta, har zaren ya tsinke. Yana kuma ganin wasu baƙaƙen tsuntsaye suna nutso a inda yake jefa ƙugiya, abokinsa ya ce masa su ne ke ƙarar da kifi, ya ba shi shawarar su riƙa zuwa da bindiga ko danƙo. Yana so ya san waɗanne tsuntsaye ne waɗannan, ko da gaske suna ƙarar da kifi, da kuma abin da ya kamata ya yi in sun sake haɗuwa.

Malam, na gode da wannan tambaya, domin na daɗe ina aikin lura da kifi da tsuntsayen ruwa a madatsu da fadamun Arewa, kuma ba kasafai ake samun wanda zai tsaya ya yi tambaya kafin ya ɗauki makami ba. Zan gaya maka ra'ayina tun daga farko: kada ka je da bindiga, kada ka je da danƙo. Abin da tsuntsayen nan suke ci bai kai ya rage maka kamu a ruwa mai girman Tiga ba, kuma idan aka auna illar da ke tsakanin mai ƙugiya da tsuntsu, wadda ke fitowa daga wajen mai ƙugiya ta fi yawa nesa ba kusa ba, ko da kuwa bai yi niyya ba.

Tsuntsun da ya fauce maka karfasa, bisa yadda ka siffanta shi, gaggafar ruwa ce, wasu kuma su ce mikiyar ruwa. Kanta da wuyanta da ƙirjinta da wutsiyarta farare ne tas, cikinta ja ne mai duhu kamar ƙasar jigawa bayan ruwan sama, fikafikanta kuwa baƙaƙe. Macen ta fi namijin girma, tana haura kilo 3, kuma in ta buɗe fikafikai sukan wuce mita 2. Ko ba ka gan ta ba za ka gane ta da kukanta, domin takan jefa kai baya ta saki wata ƙara mai tsini da ake ji daga nesa a kan ruwa, sau da yawa mace da namiji suna amsa wa juna da sassafe. Ita ce tsuntsuwar da ke jikin tutar Zambiya, tana kuma cikin tambarin ƙasashen Namibiya da Sudan ta Kudu. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tana zaune shekara da shekaru a bakin manyan ruwaye irin su tafkin Kainji da fadamar Haɗeja da Nguru, matuƙar akwai dogayen itatuwan da za ta sauka a kai ta kuma yi sheƙa.

Dalilin da ya sa ta zaɓi kifinka yana cikin yadda take farauta. Gaggafar ruwa ba ta nutso. Mafi yawan yini tana zaune ne a kan reshe tana kallon ruwa, sai ta hangi kifi ya taso kusa da sama, sannan ta zuro a hankali, ta miƙa ƙafafu gaba, ta cafke shi da farata ba tare da ta jiƙa jikinta sosai ba. Ke nan kifin da take iya kamawa shi ne wanda bai wuce taki ɗaya ko biyu daga saman ruwa ba, kuma wanda ya fi mata sauƙi shi ne mara lafiya, ko mai rauni, ko wanda ke mutsu-mutsu ya kasa nutsewa. Karfasar da ke jikin ƙugiya tana fantsama ruwa, farin cikinta yana walƙiya a rana, ta cika duk waɗannan siffofi. A idon gaggafa babu bambanci tsakaninta da kifin da ke gab da mutuwa. Ƙari a kan haka, ƙwace yana cikin ɗabi'arta, domin takan tare zalɓe ko wani tsuntsu da ya kama kifi ta matsa masa har ya saki. In ta kama wanda ya fi ƙarfin ɗauka, ba ta saki, sai ta ja shi a kan ruwa tana tuƙi da fikafikai har ta kai gaɓa.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne ƙugiyar da ta tafi a bakin kifin, da guntun zaren da ke biye da ita. Gaggafa tana yagar nama ne da baki, saboda haka sau da yawa takan bar kan kifi da ƙugiyar a ciki, amma ba kullum ba. In ta kai wa 'ya'yanta a sheƙa, zaren yana iya naɗe musu ƙafa ko fiffike. Don haka rigakafin yana hannunka. Idan kana janyo kifi, ka sunkuyar da bakin sanda kusa da ruwa yadda kifin zai taho ta ƙasa, kada ka ɗaga shi yana tsalle a sarari tun daga nesa, kuma ka kammala janyowar da hanzari in ya iso kusa. Idan ka ga gaggafa ta bar reshe tana shawagi a kanka, ka dakata da jefawa na 'yan mintuna. Kifin da ka riga ka kama kada ka ɗaure shi a igiya ka bar shi a ruwa mara zurfi, ka sa shi a kwando ko bokiti mai murfi. Sannan kada ka taɓa jefa mata kifi don ka ga yadda take faucewa. A tafkin Naivasha na ƙasar Kenya masu jiragen yawon buɗe ido sukan yi fito su jefa kifi, gaggafa ta sauko ta ɗauka a gaban baƙi masu ɗaukar hoto. Abin yana da ban sha'awa, amma tsuntsuwar da ta saba ganin mutum tana tsammanin abinci ita ce gobe za ta bi mai ƙugiya, daga nan kuma sai haɗari.

Akwai wani tsuntsu da mutane ke rikita shi da ita, wanda ya kamata ka sani tunda kana zuwa ruwa da rani. Shi ne shahon ruwa mai zuwa daga Turai, wanda masana ke kira Pandion haliaetus. Bai kai gaggafa girma ba, bayansa ruwan ƙasa ne mai duhu, cikinsa fari, kuma yana da baƙin zane da ya ratsa ta idonsa kamar an sa masa kwalli an ja shi har ƙeya. Shi yana tsayawa a iska sama da ruwa, sannan ya faɗo da ƙafafu a gaba har ya nutse, ya fito yana girgiza jiki, ya juya kifin kansa ya fuskanci gaba don iska kada ta tare shi. Allah Ya yi masa yatsa ɗaya da ke juyawa baya, da ƙaiƙayi a tafin ƙafa, don kifi mai santsi kada ya suɓuce. Yana isowa Afirka ta Yamma wajen watan Satumba da Oktoba, ya koma a Maris ko Afrilu, ƙananan kuma sukan zauna a nan fiye da shekara kafin su fara komawa. A Birtaniya an taɓa kashe irinsa har ya daina haihuwa a can a farkon ƙarni na 20, bai dawo ba sai 1954 a Sikotland. A 1996 aka fara kai 'ya'yansa tafkin Rutland na Ingila, suka yi sheƙar farko a 2001, kuma shi wannan tafki wuri ne da dubban masu kamun kifi don nishaɗi ke zuwa duk shekara. Suna kamunsu, tsuntsun yana nasa, ba a ji kifi ya ƙare ba. Wanda ya harbe shi a Tiga ya kashe tsuntsun da ya ƙetare teku da hamada, wanda wasu mutane suka yi shekaru suna wahalar dawo da irinsa.

Shirwa ba ta buƙatar gabatarwa, kuma ita ce ke yawan wawurar kifi a kan tabarma ko a bakin jirgi in an juya baya. Zalɓe yana tsaye shiru a ruwa mara zurfi yana jiran ƙananan kifaye da kwaɗi. Ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai kafin ya faɗa ruwa shi ne cinawuya, nauyinsa da ƙyar ya kai giram 100, abincinsa kuma kifi ne da bai wuce yatsa ba. Balbela ma da ake gani a bakin ruwa, fara da ƙwari ne mafi yawan cimarta.

Baƙaƙen da abokinka yake zargi kuwa su ne masunta ke kira caga. Za ka ga jikinta ya nutse, wuya da kai kaɗai ke waje, ta ɓace a ruwa na ɗan lokaci ta ɓullo a wani wuri, bayan ta ƙoshi kuma ta hau kututture ta shanya fikafikai, saboda gashinta yana shan ruwa, abin da ke taimaka mata wajen nutso. Irin da muka fi gani a madatsunmu ƙarama ce mai doguwar wutsiya, nauyinta bai fi rabin kilo da 'yan kai ba, kuma kifin da take haɗiya ƙanana ne, galibi irin waɗanda kai ba za ka so su kama maka ƙugiya ba. Labarin da ake ji na rikici tsakanin masu kamun kifi da caga daga Turai yake fitowa, inda ake da wata babba mai nauyin kilo 2 zuwa 3, wadda ke cin kusan rabin kilo a yini, wadda kuma ta yawaita sosai bayan dokar kare tsuntsaye da ƙasashen Turai suka kafa a 1979. Can ma ɓarnar ta fi bayyana a ƙananan tafkuna da ake zuba wa kifi da kuɗi, da gonakin kifi. Ba daidai ba ne a ɗauko hukuncin wancan wuri a ɗora wa ƙaramar cagarmu.

Mu yi lissafi a fili. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma in ta cika ruwanta yana rufe kimanin murabba'in kilomita 178. Gaggafa ɗaya ba ta cin rabin kilo a yini, shahon ruwa kuma tsakanin giram 300 zuwa 400 ya ishe shi. Ke nan gaggafa mace da namiji, ko an yi musu lissafi da yalwa, ba za su kai kilo 365 a shekara ba, kuma ba sa taruwa da yawa a wuri ɗaya, domin kowane ma'aurata suna da yankinsu da suke korar 'yan'uwansu daga ciki. A ce jirgin masunci ɗaya yana samun kilo 5 a rana, ya fita kwana 300, ya kama kilo 1,500 ke nan, wato abin da gaggafa takwas ba za su ci ba. Ka ƙirga jiragen da kake gani a mashigi ɗaya kawai da safe, sai ka ga inda nauyin yake. Ban ce tsuntsu ba ya ɓarna ko kaɗan ba. Mai kiwon tarwaɗa a kududdufi da ya zuba 'ya'yan kifi yana iya yin asara mai tsanani a hannun zalɓe da caga da cinawuya cikin mako guda, haka ma masunci kan tarar an tsattsage masa kifin da ya maƙale a kalli. Maganin mai kududdufi shi ne ya shimfiɗa raga a sama, ya sa gefen ramin ya yi tsaye yadda zalɓe ba zai samu wurin tsayawa ba. Wannan matsalar ƙaramin ruwa ce, ba ta tafki ba.

In kamunka ya ragu, ruwa ba ya tsami banza, amma a wani wurin za a nemi dalili. Akwai masu jan taru mai ƙananan ido, har da gidan sauro, suna kwashe kifi tun bai kai ya yi ƙwai ba. Akwai masu zuba guba irin Gammalin a ruwa, wadda ke kashe babba da yaro, ta kuma cutar da wanda ya ci. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma sa iyaka ga ƙanƙantar idon raga, sai dai aiki da ita ya yi rauni. Akwai yashi da laka da ke cike madatsu saboda sare itatuwa da noma har bakin ruwa, akwai kuma sakin ruwa da sauri a lokacin da karfasa ta yi gurbi a wuri mara zurfi. Tsuntsu mai cin kifi ma yana cikin masu nuna cewa ruwa ya lalace, domin guba tana taruwa a jikinsa daga kifin da yake ci. Haka aka gani a Amurka, inda maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwan shahon ruwa ya yi laushi yana fashewa, yawansa ya faɗi, bai farfaɗo ba sai bayan an hana maganin a 1972. Tsofaffin masunta sun san amfanin tsuntsayen nan tun kafin mu. Inda ka ga caga sun taru suna nutso, ko cinawuya yana ta faɗawa wuri ɗaya, ƙananan kifaye ne suka taru a ƙasa, kuma inda ƙanana suka taru nan tsage da giwan ruwa suke kewaya a ruwan da ke da su. Mai hankali yana jefa ƙugiyarsa a gefen wurin, ba cikin tsakiyar tsuntsayen ba.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ka fi riƙewa. Zaren roba da muke kamu da shi ba ya ruɓewa da wuri, yana iya yin shekaru masu yawa a bakin ruwa, kuma tsuntsu ba ya ganinsa. Na taɓa tarar da zalɓe a wata madatsa da hantsi, yana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ciyawa, na matso bai tashi ba. Da na duba sai na ga zare ya naɗe ɗayar ƙafar sau da yawa, ya yanka fata ya shige har ba a ganinsa sai kumburi, yatsun sun yi baƙi sun bushe, sauran zaren kuma ya sarƙe a saiwar wani kututture. Ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa saboda yunwa. Mun warware shi, amma ƙafar ta riga ta mutu, kuma na san zalɓe mai ƙafa ɗaya ba ya daɗewa. Wanda ya yar da zaren nan bai san abin da ya aikata ba, wataƙila ya cukurkuɗe masa ne ya yanke ya jefar. Saboda haka duk guntun zare, naka da wanda ka tsinta, ka naɗe shi ka sa a aljihu, in ka koma gida ka yayyanka shi gutsi-gutsi kafin ka zubar. Kada ka kafa sanda da ƙoto a jiki ka tafi salla ko cin abinci, ka fitar da ita tukuna. Dalmar da ake maƙala wa zare don ya nutse ita ma guba ce: agwagin ruwa da dinya suna haɗiyar ta tare da tsakuwar da suke niƙa abinci da ita, ƙwaya ɗaya kuma tana iya kashe tsuntsu. A Birtaniya sai da aka hana ƙananan dalmar kamu a 1987 saboda yadda take kashe manyan fararen agwagin kogunansu, bayan hanin kuma yawansu ya ƙaru. Ƙaramin noti na ƙarfe ko tsakuwa mai rami suna yin aikin da dalma ke yi.

Idan tsautsayi ya sa tsuntsu ya kamu a ƙugiyarka, kuskuren da aka fi yi shi ne a yanke zare daga nesa a bar shi ya tafi da shi, alhali wannan zaren ne zai ɗaure shi a bishiya ya mutu a rataye. Ka janyo shi a hankali ba tare da fizga ba, ka nemi wani ya taimaka maka, ka lulluɓe masa kai da riga ko tawul, domin duhu yana kwantar masa da hankali. In zalɓe ne ko caga, baki za ka fara riƙewa, ka kuma nisantar da fuskarka, saboda zalɓe ido yake nufa in ya kai sara. Sai dai kada ka matse bakin caga ko na kwasakwasa ruf, domin hancinsu a toshe yake, ta baki suke numfashi. In gaggafa ce ko shaho, haɗarin yana ƙafa, sai a riƙe ƙafafun biyu ta sama da faratan da tsumma mai kauri da zai kare hannu. Ka naɗe fikafikan a jikinsa yadda suke kwanciya. Ƙugiyar da ta shiga fata ba a ja da baya, ana tura ta gaba har ƙayar ta ɓullo, a datse ƙayar da filaya, sannan a zare sauran. In ya riga ya haɗiye, kada ka ja, ka yanke zaren dab da baki, ka kai shi wurin likitan dabbobi in akwai hali. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka filaya mai yanka waya da almakashi da tsohon tawul su zauna a jakarka kullum, kuma in ka danne ƙayar ƙugiyoyinka da filaya tun a gida, cire su zai zo da sauƙi a jikin kifi da tsuntsu har da yatsanka.

Tsuntsun da ka tarar a mace ko yana layi ba tare da rauni ba, kada ka taɓa shi da hannu, kada kuma ka kai shi gida inda kaji suke. Murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a Jihar Kaduna a farkon 2006, kuma a Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa sama da 700 a gandun Djoudj na ƙasar Senegal. In ka ga matattu da yawa a wuri ɗaya, ka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa. Haka nan wata rana za ka fede karfasa ka ga wasu ƙananan tsutsotsi rawaya a ƙarƙashin fata ko wajen maƙogwaro. Waɗannan suna zagayawa ne tsakanin zalɓe da dodon koɗi da kifi, wuta kuma tana kashe su, saboda haka ka cire abin da ka gani, ka dafa ko ka soya kifin ya nuna sosai.

Da rani gaggafa take sheƙa a ƙasarmu, a kan doguwar bishiya kusa da ruwa, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara bayan shekara tana ƙara mata kirare. In ka lura tana kuka tana zagaya kanka ba ta sauka, ka yi kusa da ƙwai ko 'ya'ya ke nan, sai ka matsa gaba da nisa, domin zafin rana yana iya lalata ƙwan da uwa ta tashi daga kai. Idan kuma ka warware wani tsuntsu ka ga zobe a ƙafarsa, kada ka cire. Ka rubuta lambar da sunan ƙasar da ke jiki, ko ka ɗauki hoto da wayarka, ka haɗa da ranar da sunan wurin, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, su za su isar da labarin ga waɗanda suka sa zoben.